BABI NA UKU: TSAGAR DARA A MARIƘIN ƘARAMAR BINDIGA TA AMFANI DA MAGAGARI

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayanin sassan ƙaramar bindiga da aikin da kowane sashe yake yi. A wannan babi kuwa za a taƙaita ne ga aiki guda daga cikin ayyukan da maƙeran bindiga na ƙasar Amurka suka shahara da su, watau tsaga layuka masu gicciye a jikin ƙarfen mariƙi da hannu, ta amfani da magagari, ba tare da taimakon inji ba. An ɗauki bindigar nan da ake kira M1911 a matsayin abin misali, domin a jikinta ne wannan aiki ya fi bunƙasa, kuma a kanta ne aka daidaita yawancin ƙa'idojinsa. Za a duba ma'anar aikin da dalilin yin sa, da kayan da ake buƙata, da lissafin da ya wajaba kafin a taɓa ƙarfe, sannan a bi aikin kansa daki-daki.

3.1 Ma'anar Tsagar Dara

Turawa suna kiran wannan aiki da sunan da ya samo asali daga allon wasan dara irin nasu, mai gida-gida. Saboda haka a wannan babi aka zaɓi a kira shi tsagar dara. Abin da ake yi shi ne a tsaga layuka masu daidaiton tazara a jikin ƙarfe, sannan a sake tsaga wasu su gitta na farko. Kowace tsaga tana da faɗi a baki, ta tsuke a ƙasa. Idan tsagogin suka yi zurfin da bakunansu suka haɗu, abin da ya rage a tsakaninsu sai ya zama 'yan tsirarun tudu masu gefe huɗu da tsini ɗaya, siffar dalar gyaɗa sak, illa dai kowace ba ta wuce ƙwayar gero ba. Waɗannan 'yan daloli su ne suke kama fatar hannu.

Akwai bambanci tsakanin tsagar da ake yi wa katako da wadda ake yi wa ƙarfe. A katakon gindin doguwar bindiga layukan suna gittawa ne a karkace, ta yadda kowane gida zai fito dogo, tsawonsa kamar ninki uku na faɗinsa. A ƙarfen mariƙin M1911 kuwa al'adar ita ce layukan su gitta a kusurwa mai digiri 90, gidajen su fito murabba'i. Ana auna kaushi ko laushin tsagar da yawan layukan da suke cikin inci guda. Layi 20 a inci tsaga ce mai kaushi, layi 30 matsakaiciya, layi 40 zuwa sama mai laushi.

3.2 Dalilin Aikin da Tarihinsa

John Moses Browning ne ya tsara wannan bindiga, kamfanin Colt ya ƙera ta, rundunar sojan Amurka kuma ta karɓe ta a watan Maris na shekarar 1911. Ta ci gaba da zama ƙaramar bindigar rundunar har shekarar 1985 da aka maye gurbinta da Beretta M9. Mariƙinta yana da fuska huɗu. A dama da hagu akwai fallen katako biyu da ake ɗaurewa da sukuru, waɗanda tun farko da tsagar dara suke fitowa. A baya akwai gidan babban sifirin, wanda aka sauya masa siffa aka yi masa kaushi a gyaran da aka yi a shekarar 1924, gyaran da ya haifar da samfurin M1911A1. Fuska ta huɗu ita ce ta gaba, inda yatsu uku suke naɗewa a ƙarƙashin zoben kunama, wadda a nan za a riƙa kira ƙirjin mariƙi. Wannan fuska a santsi aka bar ta a bindigogin da aka saba yi wa soja.

To, ga inda matsalar take. Idan aka harba bindigar, bututunta yana sama da hannu, saboda haka ƙarfin da ya tura ta baya sai ya sa bakinta ya ɗaga, mariƙin ya nemi juyawa a cikin tafin hannu. Fuskokin da suke tare wannan juyi su ne ta gaba da ta baya, katakon gefe taimakonsa kaɗan ne. Harsashinta kuma babba ne, mai faɗin inci 0.45. Idan hannu ya yi gumi, ko ruwa ko mai ya taɓa shi, bindigar tana ɗan zamewa bayan kowane harbi, sai maharbi ya sake gyara riƙo kafin ya yi na biyu.

Masu gasar harbin saiti ne suka fara damuwa da wannan. Wasu maƙera suka riƙa sassara ƙirjin mariƙi da ƙusa mai tsini da guduma, ya yi ƙuraje-ƙuraje. Kamfanin Colt kansa, a samfurin Gold Cup da ya fitar a shekarar 1957, ya tsaga layuka a tsaye a wannan wuri. Sai dai layukan tsaye kaɗai suna hana zamewa ne zuwa dama ko hagu, ba sa hana ta sama da ƙasa, alhali juyin bindiga sama da ƙasa yake yi. Tsagar dara ta samu karɓuwa sosai ne da bunƙasar gasar harbin gaggawa a kudancin Kalifoniya, wadda Jeff Cooper ya jagoranta tun daga shekarun 1950, har ta kai ga kafa ƙungiyar IPSC a garin Columbia na jihar Misuri a shekarar 1976. A irin wannan gasa ana ƙidaya lokaci tare da saiti, don haka sake gyara riƙo asarar maki ne. Armand Swenson, wani maƙeri da ya yi aiki a Kalifoniya, yana daga cikin waɗanda ake dangantawa da yaɗuwar wannan tsaga a jikin M1911. A zamaninsa har gaban zoben kunama ake miƙarwa a tsaga, saboda masu ɗora yatsan hannun hagu a wurin. Wannan salon riƙo ya ja baya daga bisani, amma tsagar ƙirjin mariƙi ta zauna.

3.3 Kayan Aiki

Babban kayan aikin shi ne magagarin tsaga. Ya bambanta da magagarin da aka saba gani a maƙera, wanda aikinsa share ƙarfe ya daidaita shi. Shi wannan haƙoransa a jere suke layi-layi daga ƙota zuwa baki, da kwari a tsakanin kowane layi da ɗan'uwansa, ta yadda idan aka tura shi zai bar tsagogi masu tazara ɗaya. Gefunansa biyu ba su da haƙora. Garin Vallorbe na ƙasar Suwizalan ya daɗe da suna wajen ƙera irin waɗannan magagarai, kuma kamfanonin sayar da kayan maƙeran bindiga, irin su Brownells da aka kafa a shekarar 1939 a jihar Ayowa, su ne suke kai su ga masu buƙata. A tsarin lambobin da aka saba, lamba 00 tana ba da layi 20 a inci, lamba 0 layi 30, lamba 1 layi 40, lamba 2 layi 50, lamba 4 kuma layi 75. Biyun ƙarshe ba a cika sa su a mariƙi ba, an fi amfani da su a ƙananan wurare kamar bayan murfin sama, inda manufar ita ce kashe ƙyalli.

Magagarin tsaga shata layi kawai yake yi ya ɗan zurfafa shi. Wanda yake fito da tsini shi ne siririn magagari mai gefe uku, kowace kusurwa tasa digiri 60, wanda ake bin tsagogi da shi ɗaya bayan ɗaya. Wasu maƙera sun fi son mai lanƙwasasshen baki, domin yana shiga lungun da ke ƙarƙashin zoben kunama. Bayan waɗannan akwai jagora, watau wani ƙarfe mai miƙaƙƙen gefe da ake ɗaurewa a jikin mariƙi domin gefen magagari ya jingina da shi a tsagar farko. Akwai mamatsin teburi da aka lulluɓe bakinsa da fata ko gubar dalma, da ma'aunin kauri, da shuɗin tawadar shata, da alli, da buroshin waya, da tabarau mai ƙara girman abu. Fitila ma kayan aiki ce a nan, kuma a gefe ake ajiye ta, domin hasken da ya zo a kwance shi yake jefa inuwa a cikin tsaga har a ga wadda ta fi wata zurfi.

3.4 Lissafin Zurfi da Kaurin Ƙarfe

Wannan shi ne sashen da ya fi kowane muhimmanci, kuma shi ne wanda sabon hannu ya fi yi wa riƙon sakainar kashi. Mariƙin M1911 ba curin ƙarfe ba ne. Cikinsa rami ne, inda gidan harsashi yake shiga, ƙirjin mariƙi kuwa bango ne siriri tsakanin wannan rami da yatsun maharbi. Kaurin bangon yana bambanta daga kamfani zuwa kamfani, har ma daga bindiga zuwa 'yar'uwarta, kuma a bindiga guda ma ba lallai ne kaurin tsakiya ya zo daidai da na gefe ba, musamman idan ramin ya ɗan karkata tun daga masana'anta.

Maƙeri ba shi da ikon zaɓen zurfin tsaga yadda ya ga dama. Muddin ana son dalolin su yi tsini, yawan layuka da kusurwar magagari su ne suke yanke zurfin. Inci guda milimita 25.4 ne. Idan aka raba shi gida 20, tazarar layi da layi ta zama milimita 1.27. Tsaga mai kusurwar digiri 60 idan aka yanka ta a gicciye alwatika ce mai daidaiton gefe uku, kuma tsayin irin wannan alwatika kashi 0.866 ne na faɗinta. Ke nan zurfin tsagar layi 20 zai kai milimita 1.10. A layi 25 tazara milimita 1.02 ce, zurfi 0.88. A layi 30 tazara 0.85, zurfi 0.73. A layi 40 tazara 0.64, zurfi 0.55.

A ɗauka, alal misali, an auna bangon aka same shi milimita 1.5. Tsagar layi 20 za ta bar milimita 0.4 kacal a ƙarƙashin kowace tsaga, tsagar layi 30 kuwa za ta bar kusan 0.8. Wannan ma kafin a cire abin da za a share wajen daidaita fuska, da kuma ƙarin zurfin da gyaran kuskure yake jawowa. Bangon da ya yi siriri haka yana iya tsagewa, yana iya loɓawa ciki ya riƙe gidan harsashi, kuma magagari yana iya ɓula shi tun ana cikin aiki. Idan aka yi amfani da magagari mai kusurwar digiri 90, zurfin yana komawa rabin tazara, watau milimita 0.64 a layi 20, sai dai dalolin za su fito gajeru, kamunsu bai kai na farko ba. Saboda haka tambayar layi nawa za a tsaga, ma'aunin kauri ne yake fara amsa ta, ra'ayin mai bindiga ya biyo baya.

Abin da ya ƙara wa wannan lissafi nauyi shi ne matsayin gangar jikin bindigar a doka. A Amurka, dokar sarrafa bindigogi ta shekarar 1968 ta wajabta lambar shaida a jikin kowace sabuwar bindiga da kamfani ya ƙera ko ya shigo da ita, kuma a M1911 gangar jiki ce take ɗauke da lambar, a gefenta na dama. A idon doka ita ce bindigar. Bututu ko sifirin ko murfin sama idan ya lalace sai a sayi wani, amma gangar jikin da aka ɓula ba a musanya ta sai an bi hanyar sayen sabuwar bindiga. Wannan ne ya sa ake umartar mai koyo ya fara da guntun bututun ƙarfe mai lanƙwasa irin ta mariƙi, daga nan ya koma gidan babban sifirin, wanda ake iya zarewa a sa wani a kan kuɗi kaɗan. Inda bango ya yi siriri ƙwarai, maƙeri yakan yanke shi ya yi waldar wani falle mai kauri, ko kuma ya haƙura da tsaga ya naɗa wa wurin fallen ƙarfe ko na roba mai kaushi wanda katakon gefe zai danne.

3.5 Yadda Ake Gudanar da Aikin

Da farko ana tabbatar da babu harsashi, a kwance bindigar gaba ɗaya har sai gangar jiki ta rage ita kaɗai. Daga nan sai daidaita fuska. Ƙirjin mariƙi yana iya zama sumul ga ido alhali yana da tudu da kwari, sawun injin masana'anta ko na gugar da aka yi masa. Idan aka tsaga shi a haka, dalolin da ke kan tudu za su yi tsini tun na cikin kwari suna da faffaɗan kai. Don haka ake shafa tawada, a ja lallausan magagari a kwance bisa tsawon wurin. Duk inda tawada ta rage, kwari ne. Idan mai bindiga yana son a ƙwaƙule ƙarƙashin zoben kunama domin hannu ya ƙara hawa sama, a wannan mataki ake yi, saboda ƙwaƙular ce take nuna inda tsaga za ta tsaya daga sama.

Bayan haka a sake shafa tawada, a ɗaura jagora. Maƙera sun bambanta a kan layukan da ake fara tsagawa, amma da yawa suna farawa da na tsaye, waɗanda suke bin tsawon mariƙi. Ana jingina gefen magagari da jagora, a tura shi gaba a hankali da nauyi kaɗan. Magagari a turawa yake ci, saboda haka a dawowa ɗaga shi ake yi ko a sassauta. Ko da yake magagari mai faɗin rabin inci, na layi 20, yana ɗauke da layin haƙora goma, ba dukansu suke taɓa ƙarfe ba, domin shi shimfiɗaɗɗe ne, ƙirjin mariƙi kuwa a lanƙwashe yake. Layi biyu ko uku ne suke ci a lokaci guda. Idan waɗannan suka shata sosai, sai a cire jagora, a gusa magagari gefe ta yadda wasu layukan haƙoransa za su zauna cikin tsagogin da aka riga aka yi, sauran su ci sabon wuri. Haka za a riƙa zagaya lanƙwasar, tsohuwar tsaga tana jan sabuwa, har a kai bakin katakon gefe ta ɓangarorin biyu.

Wannan hanya tana da sauƙin fahimta, amma a cikinta haɗarin yake. Tun da kowace tsaga daga ta bayanta take ɗaukar saiti, karkatar da ido bai gani ba a layi na uku tana taruwa, kafin a kai layi na goma sha biyar ta fito fili. Shi ya sa ake shata layukan awo a jikin tawada tun farko, a riƙa tsayawa ana gwada tsaga da su. Shi ya sa kuma ba a zurfafa layi a zagayen farko. Layin da aka ɗan karce ana iya janyo shi ya dawo hanya. Wanda ya yi zurfi shi yake jan magagari.

Layukan kwance sun fi wuya. Su gajeru ne, amma kowane sai ya zagaya lanƙwasar daga gefe zuwa gefe, don haka hannu yana tura magagari yana kuma mirgina shi a lokaci guda. Idan aka tura shi a miƙe, tsakiyar layi zai yi zurfi, gefunan su tashi a banza. Har ila yau, mariƙin M1911 a karkace yake da kimanin digiri 18, saboda haka ana daidaita layukan kwance ne da layukan tsaye, ba da bututun bindiga ba. In ba haka ba gidajen ba za su fito murabba'i ba. Ga kuma wata wahalar: magagari yanzu yana tsallaka tsagogin farko ne, yana karkarwa yana neman tsalle, kuma ɗan kuskuren nauyi yana sa shi faɗawa tsakanin layi biyu ya haifar da tagwayen tsaga.

Idan layukan biyu suka kammala, sai a shiga zurfafawa, ana yi ana sauyawa tsakanin na tsaye da na kwance, domin tsaga kowane ɓangare tana tura ɓurɓushin ƙarfe cikin ɗaya ɓangaren. Ana goga alli a haƙoran magagari, a riƙa share su da buroshi a kai a kai. Dalili kuwa, garin ƙarfen da ya maƙale a haƙori yana zama kamar ƙusa, ya ja karce mai zurfi a gefen dala.

Mataki na ƙarshe shi ne fito da tsini. Ana shafa baƙar tawada ko shuɗiya a kan wurin duka, a ɗauki siririn magagari mai gefe uku a bi tsagogi ɗaya-ɗaya. Ɗigon tawadar da ya rage a kan kowace dala shi yake nuna faffaɗan kan da bai gama cinyewa ba. Ana son ɗigogin duka su riƙa ƙanƙancewa tare, su ɓace tare. Da zarar ɗigo ya ɓace sai a tsaya, domin duk turawar da aka ƙara bayan nan rage tsayin dala take yi, ta bar kwarin da haske zai tona. Domin a ga girman wannan mataki, a ɗauka wurin yana da tsawon inci biyu da rabi da faɗin inci guda bisa lanƙwasa. A layi 30 za a samu layukan kwance 75 da na tsaye 30, watau daloli 2,250. A layi 20 kuwa 1,000 ne. Aikin sa'o'i masu yawa ne, kuma gajiyar ido da ta wuyan hannu suna daga cikin manyan sanadin ɓarna, shi ya sa ake rarraba shi zama-zama.

Ana gane gwanintar maƙeri a iyakoki fiye da tsakiya. A sama, layukan tsaye suna ƙarewa ne a lungun zoben kunama, inda magagari yake son zarcewa ya karci wurin da ba a nufa ba. A ƙasa, idan ba a ƙidaya layuka tun farko ba, jerin ƙarshe yakan faɗo a kan bakin ramin gidan harsashi ya zama rabin dala mai yankan hannu. Wasu suna barin siririn gefe a santsi a wurin, wasu suna tsagawa har ƙarshe sannan su dasashe jerin ƙarshe. Idan an yi babban kuskure, ana iya cike wurin da walda a sake tsagawa, sai dai sau da yawa ƙarfen walda ba ya karɓar rini daidai da na jiki, tabon yakan bayyana.

3.6 Irin Ƙarfe da Rufin Ƙarshe

Ƙarfen da aka fi sabawa da shi a gangar jiki yana karɓar magagari lafiya. Ƙarfe mara tsatsa yana da danƙo, yana yawan cushe haƙora. Alminiyum, wanda Colt ya fara amfani da shi a samfurin Commander a shekarar 1950, yana da taushi a ciki, amma fatar da ake yi masa da lantarki tana da taurin da ke dasashe magagari, kuma bayan tsaga sai an sake yi masa wannan fata, in ba haka ba tsinin dalolin zai cinye da wuri.

Tsaga tana cire rufin da ke kare ƙarfe, ga shi kuma gumi yana taruwa a cikin kwarin, saboda haka dole a sake rufe shi. Ana iya rina shi baƙi a tafasasshen ruwan sinadari mai zafin kimanin digiri 140 a ma'aunin Salsiyas, ko a yi masa rufin fosfet irin na bindigogin soja, ko a lulluɓe shi da kurom mai tauri. Abin kiyayewa shi ne kada injin guga mai juyawa ya taɓa wurin, domin cikin daƙiƙa kaɗan yake share tsinin da aka yi kwanaki ana nema. Feshin ƙananan ƙwayoyin gilashi da iska shi aka fi yi, yana cire ɓurɓushi ya ɗan rage kaifi.

3.7 Zaɓin Kaushi da Matsayin Aikin Hannu a Yau

Babu yawan layin da ya dace da kowa. Layi 20 yana kamu ƙwarai, ya dace da mai sa safar hannu ko mai kanta a tafi, amma yana ƙuje hannun da bai saba ba idan harbi ya yi yawa, yana kuma cin rigar wanda yake ɗaure bindigar a kube a ƙarƙashin tufa. Layi 30 ya fi sauƙi ga fata da tufafi, kuma kamar yadda lissafin baya ya nuna, ya fi sauƙi ga bangon ƙarfe. Layi 25 tsaka-tsaki ne. Idan aka auna waɗannan duka, za a ga layi 30 ya fi dacewa da yawancin bindigogi da yawancin hannuwa, kuma mai neman layi 20 ya kamata ya fara riƙe irinsa ya yi harbi da shi, tun da abin da aka tsaga ba ya komawa. Ana iya dasashe tsini idan ya yi yawa, amma ba a iya mayar da tsagar layi 20 ta koma ta 30 sai an share bangon, bangon kuwa ba shi da rarar da za a share.

Daga shekarun 1990 injunan yanka ƙarfe da kwamfuta ke sarrafawa sun shigo da tsagar dara cikin bindigogin masana'anta, a kan farashin da aikin hannu ba zai iya gogayya da shi ba. Dole a yarda cewa inji ya fi hannu daidaiton tazara. Bindigogi masu gangar jikin roba, irin Glock da ta fito daga Ostiriya a farkon shekarun 1980, su kuma da kaushinsu ake zubo su, mai son ƙari yana ɗiɗɗiga su ne da ƙarfe mai zafi, magagari ba shi da aiki a nan. Duk da haka aikin hannu bai mutu ba. Inji yana bin siffar da aka ba shi ne, tsohuwar gangar jiki kuwa wadda ta sha guga, ko wadda raminta ya karkata, tana buƙatar wanda zai riƙa aunawa yana sassautawa inda bango ya yi siriri. Bugu da ƙari, a manyan shagunan gyaran M1911 akan haɗa hanyoyin biyu: inji ya shata layuka ya zurfafa su, sannan maƙeri ya ɗauki siririn magagari ya bi su ɗaya-ɗaya, ya fito da tsini, ya gyara iyakar sama da ta ƙasa.